Gwiwar Shingen Aguwa

Ranar Talatar da ta wuce muka raka wani ɗan Maraɗi makwancinsa a nan Riyad. Birkila ne, zuciya ta tsaya masa a bakin aiki. Ban san shi sosai ba, amma a ƙasar nan duk mai jin Hausa ɗan'uwanka ne ranar jana'iza. In ba ka taɓa ganin yadda suke binne mutum ba, da tubalin laka suke rufe lahadu, sannan a kwaɓa ƙasa a gefe, a riƙa dunƙulawa ana miƙa wa na cikin kabari yana toshe kafofi. Ina tsaye a layi wani Balarabe ya ɗora mini curin laka a tafin hannu don in miƙa gaba. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan ya buge ni, na tsaya riƙe da curin har na kusa da ni ya taɓa ni ya ce, “Yalla, ya hajji.” Na miƙa, amma hankalina ya riga ya tafi gida, maƙabartar garinmu, wajen kakana.

Manya suna cewa maƙabartar nan ta girmi garin. Wai fatake ne suka fara binne nasu a wurin tun ana tafiya da jakuna, wani malami a cikinsu ya ƙi wucewa ya bar kabarin ɗan'uwansa, ya kafa bukka, gari ya taru a bayansa. A bakin ƙofarta akwai ɗan masallaci na ƙasa, wanda in mutum goma suka shiga, na sha ɗaya sai ya yi sallarsa a waje. A farfajiyarsa ake sallar gawa. A cikinsa ake jingine makara da diga da dagi, da tsofaffin tukwanen da ake rufe kabari da su. Kakana na wajen uwa shi ke kula da wurin. Gado ya yi daga mahaifinsa, ba albashi, ba rawani, sai dai in an yi rasuwa ƙofarsa ake fara ƙwanƙwasawa.

A hannunsa na tashi. Inna ta rasu ban kai shekara huɗu ba, Baba kuwa yana kudu wajen neman abinci, daga baya ya yi zamansa can har Allah ya karɓi abinsa. Ban riƙe fuskarta ba. Abin da na fi so a duniya tun ina yaro shi ne a nuna mini kabarinta, in san inda zan tsaya in ce nan uwata take. Kai da kake karanta wannan za ka ce ai abu mai sauƙi ne, jikan mai maƙabarta guda, ya tambaya mana. To, Inna ita ce 'yar farin Kaka. A garinmu a wancan zamanin mutum ba ya kama sunan ɗan farinsa, ba ya jan shi a jiki, ba ya bari a ga ya damu da shi, da rai ko bayan rai. Kunya ce, kuma da ita ake auna dattijo. Ban taɓa jin sunan Inna a bakin Kaka ba, ni ma ban taɓa samun bakin tambayarsa ba.

Kakata na taɓa tambaya, wata rana tana tuƙa tuwo. Ita da kullum take tsokanata tana ce mini maigida, ranar ba ta ko kalle ni ba. Ta ce Inna tana inda kowa zai je, in wanke hannu in zo in ci abinci. Mata ma ba sa shiga maƙabarta, ko ta so faɗa ba ta da abin nunawa.

Babu gwamnati a hidimar wurin nan, babu wani attajiri. Maƙabartar ita ke ciyar da kanta. Akwai manyan ɗorawa uku a cikinta, kowa ya san ba na kowa ba ne, na mutanen kwance ne. Da bazara, in rana ta yi zafi har ƙasa tana ƙona tafin ƙafa, samari sukan shiga da ƙugiya su kaɗo 'ya'yan, a fito da su waje a zube wa mata. Su za su ɓare, su wanke kalwa, su yi daddawa, kakata ta kai kasuwa. Abin da aka samu da shi ake sayen tabarmin masallaci, a gyara makara, a ajiye likkafani saboda baƙon da ya mutu ba shi da kowa. Ɓawon kuma ba a zubarwa, shi ake jiƙawa a yi makuba, a shafe bangon masallaci don kada ruwa ya ci shi. Da kaka kuma kowane gida yakan kawo dami ɗaya na gero, ba a aika wa kowa, ba a bin kowa, amma gidan da bai kawo ba ya san an gan shi. Da geron nan ake dama kunun gayya.

Yara ba sa taɓa ɗorawar maƙabarta, tsoro suke ji. Ni da na saba da wurin na taɓa sata. Na ɓuya bayan masallaci na sha garin har na ƙoshi, na fito ina tafiyar salihai, ban san bakina ya yi rawaya har kunne ba. Kaka ya dube ni ya ce ɓarawon da bai iya goge baki ba gara ya nemi wata sana'a. Bai dake ni ba. Ya ce tunda na ci abincin mutanen kwance, na zama yaron gidansu, gobe in fito aiki. Daga ranar na zama mai bin sa.

Gayyar yaɓe kafin ruwan farko ake yi. Maza su taru da sassafe, a haƙo jar ƙasa, a zuba ruwa da yankakkiyar ciyawa, a shiga ana tattakawa har gwiwa. Wasu a kan soron masallaci suna gyara indararo, wasu a ƙasa suna cilla musu curin laka, tsofaffi a inuwa suna gyara wa kowa aikinsa da baki. Ƙamshin lakar ranar nan, haɗe da ɗan tsamin makuba, shi ne ya same ni a Riyad ranar Talata. Kafin azahar an gama, a sha kunu, liman ya yi addu'a ga na kwance da na tsaye, a watse.

Shinge kuwa aikin Kaka ne shi kaɗai, sai ni mai riƙe masa adda. Na aguwa ne, ya zagaye maƙabartar duka. In ka san aguwa ka san ba ta da wahalar dasawa, ka sari reshe ka soka a ƙasa ya kama, amma tana da wani farin ruwa kamar nono wanda in ya shiga ido sai ka yini kana hawaye. Mukan fara daga ƙofa mu bi gefe, yana toshe inda awaki suka ɓula, yana yi mini karatun wurin. Babu allo ko rubutu a kan kabari ko ɗaya, sai tsingaro, ko dutse, ko kututture, amma Kaka ya san kowa. Nan limamin farko. Nan marina, uba da 'ya'yansa huɗu. Wannan dogon layin mutanen shekarar cutar agana ne, ƙanana sun fi yawa. Wancan wani Bafillace ne da ya zo cin kasuwa bai koma ba. Ƙarƙashin tsamiya danginmu ne, ya lissafa mini su tun daga kakan kakansa. Kullum ina kasa kunne in ji ya ce nan uwarka, kullum sai ya wuce.

Ta gefen arewa, inda ƙasa ta ɗan yi tudu, shingen yakan bar hanyarsa ya lanƙwasa waje, ya zagaye wani ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, sannan ya dawo layi. Mutane suna kiran wurin gwiwa. Babu komai a ciki sai ciyawa, ko tsingaro babu. In mun iso nan karatu yakan tsaya. Kaka ya karɓi addar ya aike ni ɗebo ruwa a randar masallaci, ko da butarmu cike take. In na dawo in same shi a tsugune yana cire ciyawa da hannu, idanunsa jajur. Sai ya goge da bakin rigarsa ya ce, “Ruwan aguwa ne ya fantsamar mini.” Na taɓa tambayarsa me ya sa shingen ya karkace a nan. Ya yi dariya ya ce mai shingen ne karkatacce, ban ga bayansa ba? Na yarda, don kuwa bayansa ya fara ranƙwafawa.

Da na gaji da jira, na zaɓar wa kaina kabari. A ƙarƙashin tsamiya akwai wani mai ɓarin tasa a kansa, wanda ban taɓa jin Kaka ya faɗi mai shi ba. Na ce lallai wannan ne. Nan nake tsayawa in yi addu'a in Kaka ya juya baya, nan na je na yi sallama ranar da zan tafi birni koyon tuƙi. Ina birnin Kaka ya kwanta ciwon kwana uku, kafin saƙo ya same ni an binne shi. Duk karatun wurin nan ya tafi da shi, ni kuma abin da na riƙe bai kai rabi ba.

Yau shekarata ashirin da wani abu a Riyad. Direban wani gida ne ni a unguwar Suwaidi, in kai yara makaranta, in kai uwargida kasuwa, Juma'a in samu hutu in tafi Gubaira inda 'yan garinmu suke da ɗaki. A ɗakin nan labarin maƙabarta ya riƙa iso mana, kowane da ɗacinsa. Aguwa ta mutu a wurare, awaki suna kiwo a kan kaburbura. Ɗorawa biyu sun bushe an yi itace da su. Dami ya daina zuwa, gayya ta mutu, don samarin da za su taka laka suna nan tare da mu suna ɗaukar bulo. Da aka ce soron masallaci ya rufta a kan makara, sai muka ce abin ya isa. Muka ɗora wa kanmu, kowa abin da zai iya duk wata, a kai wa masu aika kuɗi a kasuwar Batha su tura gida. Kawuna, ƙanen Inna, wanda yaro ne ƙarami lokacin da ta rasu, shi muka ɗora a kan aikin gina katanga da gyaran masallaci.

A nan ne na yi abin da har yau nake cizon yatsa a kai. Na daɗe ina wuce maƙabartun garin nan da mota, ina ganin katangunsu miƙe sambal kamar an ja da zare, sai raina ya raina shingenmu na ƙauye. A ɗakin Gubaira ni ne mai babbar murya, ni ne jikan mai maƙabarta, in na yi magana ba mai musu. Da magina suka iso gefen arewa, kawu ya kira ni ya juya wayar ya nuna mini gwiwa. Ya ce magini yana cewa in aka bi ta za ta ci bulo ta kuma ɓata tsari, me na gani? Na duba, ciyawa ce dai kamar yadda na san ta. Na ce a ja igiya a miƙe ta. Har na ƙara da cewa karkatar Kaka ce kawai, shi da bakinsa ya faɗa mini. 'Yan ɗaki suka yi dariya, ni ma na yi.

Aiki ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Katangar bulo, ƙofar ƙarfe, masallaci ya samu rufin kwano da daɓen siminti. Aka turo hotuna muka yi ta yaɗawa, muka sayi shinkafa da kaza muka ci. Aka tuge aguwa aka ƙone. Ɗan filin gwiwa da ya rage a waje kuwa, kafin wata biyu masu babura sun mai da shi yanke zuwa kasuwa.

Bayan kamar wata bakwai, ina zaune a mota da azahar a ƙofar makarantar yaran gidanmu, saƙon murya ya shigo daga wayar kawu. Na buɗe na ji ba muryarsa ba ce. Wani tsoho ne da ya yi haƙa tare da Kaka tun yana saurayi, yanzu ya makance. Duk lokacin ginin yana wani gari wajen 'yarsa yana jinya, ba wanda ya tuna da shi. Da ya dawo aka ba shi labarin katanga, ya ce a kai shi ya gani da hannunsa. Kawu ya ce mini daga baya, tsohon ya ɗora tafinsa a kan bulo tun daga ƙofa yana bi yana sa albarka, har suka iso tudun arewa. Nan ya fara rage tafiya, yana jiran bango ya juya da shi, bango bai juya ba. Ya koma baya ya sake bi. Sannan ya ce a kira masa ni.

Ga abin da ya faɗa, na haddace shi don na saurara ya fi a ƙirga: “Ɗana, an ce kai ka tsaya aka yi aikin nan, Allah ya yi maka albarka. Katangarka ta yi kyau. Amma ka bar uwarka a waje.”

Sai ya ba da labarin. Shekarar da Inna ta rasu ruwa ya yi yawa, ƙasa ta ƙoshi. Rami uku suka haƙa a ƙarƙashin tsamiya, kowanne kafin a kai ƙugu ruwa ya tsattsafo. Kaka ya ɗauki dagi ya tsallaka shinge ya hau tudu, a bakin gonar maƙwabci. Nan aka sa ta. Ya ba mai gonar wani yanki na tasa gonar a madadi, washegari shi kaɗai ya sari aguwa ya zagaye wurin. Bai sa tsingaro ba, shingen shi ne alamar. Waɗanda suka halarta sun ga bai son a yi zancen, suka taya shi kunyarsa, suka yi shiru har suka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Yara suka fito suka shiga mota suna surutunsu da Larabci, ƙaramar ta leƙo ta tambaye ni ko ba ni da lafiya. Na ce lafiya lau. Na kai su gida, na ajiye mota, na shiga ɗakina na rufe. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka ce mini Kaka ya rasu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne baburan nan. Wata da watanni suna bi ta kanta, kuma da bakina aka buɗe musu hanya. Garin neman gira na rasa ido.

Ranar Juma'a na je Gubaira na ce a fasa katangar arewa. Ban fara da dalili ba, don ni ma ashe kunyar nan tana jikina, bakina ya yi nauyi. Ɗaki ya ɗauki hayaniya. Wani ya ce, “Halas, shi ke nan, Alhaji, an gama aiki. Kai ka ce a miƙe, yanzu kuma ka ce a karkata? Mutane za su ce 'yan Saudiyya ba su san abin da suke yi ba.” Gaskiyarsa ce, gumin kowa na cikin bulon nan. Sai na ciro waya na kunna musu muryar tsohon. Da ta ƙare ba wanda ya ɗaga kai. Akwai wani magini ɗan Damagaram da ke kwana a ɗakin, ba ɗan garinmu ba ne, bai taɓa sa baki a zancenmu ba. Shi ya fara magana, ya ce, “Bulo ba shi jin ciwo. Ku fasa.”

Na ce ni zan ɗauki nauyin gyaran ni kaɗai, suka ƙi, muka yi ta ja har aka bar ni da rabi. Amma da labari ya isa gida, kawu ya ce ba sai an ɗauki lebura ba. Ya yi shelar gayya, abin da aka shekara da shekaru ba a ji ba. Ba wani taro aka yi ba, dattawa ne da 'yan samarin da suka rage, wata tsohuwa ta dama kunu ta aiko. Aka zaunar da makahon a kan tabarma, shi ya riƙa cewa a matsa nan, a ƙara taku biyu can, har ya ce ya isa. Katangar ta fita ta yi gwiwarta ta dawo. Sabon bulo bai yi kala ɗaya da tsoho ba, duk wanda ya wuce ya san an yi faci. Na roƙi kawu ya nemo reshen aguwa ya soka ta ciki, ya ce ta kama.

Ban je na gani ba tukuna. Maigidana ya ce sai bayan Babbar Salla zai ba ni hutu, ina lissafin kwanaki. Na ce wa kawu kafin nan ya riƙa kai tsohon nan maƙabarta da waya a hannu, duk kabarin da ya tuna a ɗauki muryarsa. Tsohon ya ce mai ɓarin tasa na ƙarƙashin tsamiya wata baƙuwa ce da ba a san danginta ba. Shekara talatin da wani abu tana samun addu'ar ɗa, ban yi baƙin cikin wannan ba, kuma ba zan daina ba.

Yanzu mu ke riƙe da maƙabartar daga nesa, da riyal. Kwano ba ya neman yaɓe, bulo ba ya neman a zagaya shi duk shekara, shi ya sa ba mai zagayawa, ba kuma yaron da ke bin wani tsoho yana jin waye a nan waye a can. Ban ce a koma laka ba, na san wahalarta. Na dai ga muna da abin gina katanga, amma saura mutum ɗaya da ya san abin da aka kewaye, shi ma ba ya gani. Ni kaina ban san inda ƙasar kabarina take ba. In a nan ne, duwatsu biyu za a ɗora mini kamar ɗan Maraɗin nan, ba suna, ba mai cewa nan wane yake.

Ranar Talata da muka fito daga maƙabarta, na tsaya a famfon bakin ƙofa ina wanke lakar hannuna, sai lissafin ya zo mini, wanda ya kamata in yi tun ina ɗan shekara goma. Shingen nan duka aguwa ne, daga ƙofa har ya zagayo ƙofa. Yini guda Kaka yake yi yana sara, ruwanta na zuba a hannunsa da rigarsa. Shekara tara ina riƙe masa adda, ban taɓa ganin ya shiga idonsa ba sai a gwiwa. Ɗan Damagaram ɗin nan yana gefena yana jiran famfo, ya dube ni ya ce ko ƙasa ce ta faɗa mini a ido. Har na buɗe baki zan ce e. Sai na ce masa a'a, uwata na tuna.